Kawu da Dokar Boila

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, mai kula da boila ne. A hannunsa na tashi a Sabon Gari, tun bayan da mahaifina ya rasu, mahaifiyata kuma ta sake aure a wani gari mai nisa. Sunan kakata aka sa mini, wato mahaifiyarsa, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba. Uwata yake ce mini, ko faɗa yake yi ko wasa. Matarsa kuwa Inna nake ce mata kamar yadda 'ya'yanta suke ce mata, kuma ban taɓa ganin ranar da ta bambanta kwanona da nasu ba.

Kawu bai yi boko ba. Yana karanta ajami, ya san lambobi, ya iya sa hannu. Aikin boila a wata tsohuwar masana'antar man angurya ya koye shi tun yana saurayi. Da masana'antar ta mutu ya yi 'yan shekaru yana buga-buga, har wani ɗan kudu da ya girma a Sabon Gari, wanda kowa ke ce wa Oga, ya kafa masana'antar shinkafa a Chikaji. Oga ya sayo wata tsohuwar boila da injinta, sannan ya aika aka nemo masa Kawu.

Boila wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe ce da ake tafasa ruwa a cikinta har ya zama tururi mai ƙarfi. Ta Chikaji ba itace take ci ba, ba kuma mai ba. Ɓuntun shinkafa ake zuba mata, wato ɓawon nan da ake samu bayan an casa, wanda a da sai dai a tara shi a bayan katanga a cinna masa wuta. Tururin da ya fito yakan fara bi ta cikin wani inji ya juya shi, injin ya ba da wutar lantarki. Daga nan, da sauran zafinsa, sai ya wuce ta bututu zuwa manyan tankunan da ake turara shinkafa da ɗakin da ake busar da ita. Da wuta ɗaya ake samun lantarki, ake kuma samun zafin da aiki yake bukata. Ko an ɗauke wutar gari, masana'antar Oga ba ta tsayawa.

Lokacin da nake karatun injiniya a Samaru, akwai darasin da ya kusa kayar da ni, na zafi da tururi. Malamin yana cika allo da lissafi, ni kuwa ina kwafa ba tare da na san inda aka dosa ba. Wata Asabar na bi Kawu wurin aiki da littafina a hannu. Ya sa ni na dafa bututun da ke shiga inji ta saman abin da aka naɗe shi da shi, sannan na dafa wanda ke fita. Ya ce, "Kin ji? Wancan da ƙarfinsa ya shiga, wannan ya gaji. Amma gajiyayyen ma bai ƙi dafa shinkafa ba. Wanda ya sake shi a iska ya yi asara." A wuni ɗaya na gane abin da na kasa ganewa a zango guda. Na ci jarrabawar, na ci ta gaba, har daga baya ni ma na zama mai koyar da wannan darasi.

Shekaru suka wuce. Na yi aure, na koma Samaru da zama, na sayi mota, aka fara ce mini Injiniya. Sai ga lokacin da gwamnati ta fara maganar ƙarfafa wa masana'antu gwiwa su riƙa samar da wutarsu, musamman masu irin wannan tsari na wuta da zafi a haɗe. Manufar mai kyau ce, har yau ban canza ra'ayi a kanta ba. Duk wanda ya yi rajista ya sami lasisi, za a ba shi damar sayar wa maƙwabtansa rarar wutar da ya samar, abin da a da laifi ne. Aka kafa kwamiti ya tsara ƙa'idojin, aka sa ni a ciki. Ni kaɗai ce mace, ni ce kuma mafi ƙarancin shekaru. Shugabanmu wani dattijon farfesa ne da ya yi ritaya, mai farin gemu da yawan shiru. Ɓangaren kare lafiya da rayuka aka ba ni in rubuta.

Na ɗauki aikin da muhimmanci. Na tara ƙa'idojin wasu ƙasashe a kwamfuta na karanta, na ga kowacce ta ce mai kula da boila sai yana da takardar shaida daga makarantar da aka amince da ita. Akwai dalili. Boila idan ta fashe ba ta barin gini a tsaye. Sai na rubuta layuka uku: ba za a ba kowace masana'anta lasisi ba sai mai kula da boilarta yana da difloma ko abin da ya yi daidai da ita. Ina buga layukan na tuna da Kawu. Ba zan ce ban tuna ba. Na tsaya kaɗan, na ce wa kaina ai daftari ne kawai, za a gyara a zaman kwamiti, na ci gaba.

Ranar da aka zo tattauna sashen, a wani zaure muka zauna a Samaru, aka gayyato wakilan masu ƙananan masana'antu. Kafin a fara, muna shan shayi, wani ɗan kwamitinmu ya kawo labarin wata boila da ya taɓa gani an ɗaure bawul ɗinta na kariya, mai sakin tururi idan ya yi yawa, da waya don kada ya dami mutane da ƙara. Ya ce, "Masu hura wutar nan ai jahilai ne. Ka ɗauko mutum daga bakin murhun tuwo ka ba shi bam ya riƙe." Aka yi dariya. Ni ma na yi. Ban san daga ina dariyar ta fito ba, amma na ji ta da kunnena.

Da aka shiga, aka karanta layukana uku. Wani tsoho daga cikin masu masana'antu ya ɗaga hannu. Ya ce, "Ranka ya daɗe, duk garin nan ban san mai kula da boila ko ɗaya da ke da wannan takarda ba. Waɗanda suka iya aikin ba su da ita, masu ita kuwa ba su taɓa tsayawa gaban wuta ba. Yaya za a yi da mutanenmu?"

Shugaba ya juyo ya dube ni ta saman tabarau. Ya ce, "Injiniya, ke kika rubuta. Kin san masu aikin nan na Chikaji?"

Abin da ya kamata in faɗa bai fi jimla biyu ba. Na dubi mutumin da ya yi maganar murhun tuwo, yana juya biro a hannu yana jira. Na ce, "Na ɗan leƙa wuraren lokacin da nake bincike, ranka ya daɗe. Ina ganin idan aka ba su wata shida su shirya, ya wadatar."

Wace difloma ake samu a wata shida, ga mutumin da ya haura sittin, wanda bai taɓa zama a aji ba? Babu wanda ya tambaye ni. Tsohon ya daɗe yana kallona, sannan ya zauna. Aka amince da sashen yadda yake, aka wuce na gaba.

Bayan an fitar da ƙa'idojin na je Sabon Gari gaisuwar Sallah. Na sami Kawu a zaure da abokansa, yana ganina ya ce, "Ga ta nan, ga Uwata! Ita ta rubuta dokar da nake gaya muku." Ya ba ni labari cike da murna cewa shi ya matsa wa Oga ya nemi lasisin. A layin bayan masana'antar akwai masu walda da teloli da wata mata mai sayar da ƙanƙara, kullum suna zaune suna jiran a kawo wuta, ga kuma rara a wurinsu tana tafiya a banza. Ya ce, "Na ce wa Oga, tunda 'yata ce a ciki, dokar ba za ta cuci talaka ba."

Na ci tuwon Inna da miyar taushe har na ƙara. Na ba yara barka da Sallah. Sau biyu na buɗe baki in gaya masa, sau biyu wani ya yi sallama, ni kuwa na ji daɗin shigowarsa. Na koma Samaru ban faɗa ba.

Da aka zo duba masana'antun da suka nemi lasisi, aka sa ni cikin masu zuwa a matsayin mai ba da shawara. Na ga sunan masana'antar Oga a jerin tun kwana uku kafin ranar. Da na ce ina da dangantaka da wurin, da an cire ni ba tare da wata tambaya ba. Amma faɗin haka yana nufin in bayyana wace irin dangantaka ce. Na yi shiru na shiga mota.

Mu uku muka je, da hantsi. Jagoranmu wani sufeton masana'antu ne mai tsanani amma mai gaskiya. Aka ba mu fararen hulunan kwano a bakin ƙofa. Oga ya tarbe mu, ya ce wa maza sannunku da zuwa, ya juyo gare ni zai yi magana. Mutumin nan ya zo bikina, shi ya kawo buhun shinkafar da aka dafa ranar walima. Na riga shi, na gaishe shi da Turanci kamar yau na fara ganinsa. Ya ɗan tsaya, sannan ya ce, "Madam, sannu da zuwa."

Muka bi ta wurin casa, muka bi ta tankunan turarawa, muka isa ɗakin boila. Kawu yana tsaye gefen ƙofar wuta. Kayan aikinsa shuɗi an wanke an goge, abin da ban taɓa gani ba. Ma'aikata kusan goma sun bar abin da suke yi sun taru a bakin ƙofa. Da ya gan ni fuskarsa ta washe, ya tako taku ɗaya, bakinsa ya buɗe. Ni kuwa na sunkuyar da kai kan fayil ɗin da ke hannuna, na fara juya takardu kamar ina neman wani abu.

Ban san daƙiƙa nawa aka yi ba. Sai na ji muryarsa ya ce, "Barka da zuwa, ranki ya daɗe."

Na ce, "Yauwa, sannu da aiki."

Sufeto ya fara tambayoyi da Turanci, Oga yana fassarawa. Yaushe aka gwada bawul ɗin kariya? Kawu ya ce kowace safiya, ya ja ƙarfen ya nuna, tururi ya yi tsawa ya tsaya cak. Yaya yake fitar da dattin da ke taruwa a ƙasan tukunya? Ya nuna. Me yake sa wa ruwan don kada ya bar ƙanzo a jikin ƙarfe? Ya ɗauko wani littafi da yake rubuta komai da ajami da lambobi, kowace rana da layinta, na shekaru. Sufeto ya juya shafukan, bai iya karantawa ba, amma ya girgiza kai ya ce a duk inda muka je bai ga ɗakin boila mai tsabta da tsari irin wannan ba. Na ji wani sanyi a raina, na ce ko Allah zai sa a wuce haka nan.

Sai ya ce, "To, takardar shaidarsa."

Kawu ya buɗe wata leda ya zaro takarda da ta yi ja don tsufa, an lanƙwasa ta gida huɗu. Wasiƙar yabo ce da tsohuwar masana'antar man angurya ta ba shi ranar da aka sallame su. Ya miƙa da hannu biyu. Sufeto ya karanta, ya miƙo mini. Ya ce, "Injiniya, ke kika rubuta sashen. Wannan ta yi daidai da abin da ake nema?"

Na san wasiƙar. A ƙasan akwatin Inna take zama, tare da takardar haihuwata. Na riƙe ta kamar ina karantawa. Sannan na ce, da Turanci, ba ta yi ba. Na zaɓi Turanci ne don ina fatan ba zai ji ba. Amma mutumin da ya yi shekara arba'in a masana'anta ya san wannan kalma. Ya karɓi takardarsa, ya lanƙwasa ta yadda take, ya mayar cikin leda. Ya juya ya dubi agogon boila mai nuna ƙarfin tururi, ya ce wa mai zuba ɓuntu ya rage.

Da za mu shiga mota Oga ya zo ta gefena, ya rage murya, ya yi mini Hausa irin ta 'yan Sabon Gari. Ya ce, "Madam, mutumin nan ko zazzaɓi yake yi sai ya zo ya duba ruwan tukunyar nan kafin ya je asibiti. Amma ke kin fi ni sani." Ya rufe mini ƙofar da kansa.

Oga yana bukatar lasisin, don ya riga ya kafa turaku ya ja waya zuwa layin masu walda. Ya ɗauki wani mai difloma, magidanci mai hankali da ya daɗe yana neman aiki. Kawu kuwa bai kore shi ba, ya mayar da shi sito yana kula da shiga da fitar buhuna. Na ji daga baya cewa wata uku Kawu ya yi yana koya wa sabon mutumin halin tukunyar, yana tsaye daga bakin ƙofa yana faɗa masa abin da zai yi, don doka ta hana shi taɓawa. Da ya ga hannun mutumin ya faɗa, sai ya je ya yi wa Oga godiya ya ajiye aiki. Ya ce ba zai iya wuni yana jin ƙarar boila ta bayan bango ba.

Ni duk wannan lokaci ban taka Sabon Gari ba. Ina aika direban maƙwabcinmu da kayan abinci, ina cewa aiki ya yi mini yawa. Idan hanya ta bi da ni kusa da kasuwa sai in zagaya.

Wata Laraba bayan azahar na fito daga aji na tarar da Inna zaune a kan benci a ƙofar ofishina, da mayafinta na unguwa. Ba ta taɓa zuwa wurin aikina ba. Motar haya biyu ta shiga, ta yi ta tambaya har aka nuna mata. Na shigar da ita, na kawo mata ruwa da lemo. Ta sha ruwan, ta ture lemon gefe.

Ta ce, "Bai san na zo ba. Kuma ba roƙo na zo yi ba."

Na ce, "Inna, dokar ce..."

Ta ce, "Bar dokar. Shi da bakinsa ya ce doka dole a bi ta, ya ce da kin ce takardar ta yi alhali ba ta yi ba, da ya ji kunyarki. Ba wannan ba ne." Ta gyara mayafinta. "Tun ana jibi za ku zo Oga ya gaya masa kina ciki. Ya bi ma'aikatan nan ɗaya bayan ɗaya yana ce musu 'yarsa za ta zo, wadda ya goya, su zo su gan ta da farar hula. Ni na wanke masa kayan nan na kai aka goge. Duk waɗanda kika gani a bakin ƙofa, ke suka zo gani."

 Ashe duk wanda ke wurin ya san ko ni wace ce. Mutum biyun da muka je tare kaɗai na ɓoye wa, su ma da sun sani ba abin da zai dame su. Sauran kuwa sun tsaya sun kalli yadda na ce wa mutumin da ya rene ni sannu da aiki.

Inna ta ce, "Da ya dawo na tambaye shi, ta zo? Ya ce ta zo. Na ce ya aka yi? Ya ce aiki ya yi mata yawa. Bai ƙara komai ba a ranar. A bakin matar mai zuba ɓuntu na ji sauran." Ta miƙe. Na ce in kai ta gida a mota, ta ce a'a, ta san hanya yanzu.

Washegari na je gidan Shugaba. Na same shi a lambunsa yana ba tumatir ruwa. Na faɗa masa komai a tsaye, tun daga dariyar wurin shayi har zuwa wasiƙar da ke cikin leda. Ya kashe famfo.

Ya ce, "Mahaifina gawayi yake zubawa a jirgin ƙasa. A bayan tasha aka haife ni, nan Sabon Gari. Da na tambaye ki ranar nan, ina jiran wani ya faɗi abin da tsohon nan ya faɗa ne daga cikinmu, in sami abin kamawa. Ni ma da na ga kin ce ya wadatar sai na bi. Laifin ba naki ba ne ke kaɗai." Ya ce haka ne don ya sauƙaƙa mini, amma sai na ji abin ya ƙara nauyi.

Muka rubuta takardar neman gyara: duk wanda ya daɗe yana aikin boila, a yi masa jarrabawa ta baki da ta aiki, da Hausa ko da harshen da yake ji, a gaban tukunya, idan ya ci a ba shi shaida. A zaman da aka kira don wannan na tashi na ce kawuna ne ya koya mini abin da nake koyarwa, kuma layukana uku ne suka raba shi da aikinsa. Babu wanda ya yi dariya, babu kuma wanda ya nuna abin ya dame shi sosai. Mai maganar murhun tuwo ma cewa ya yi shawara ce mai kyau. Takardar ta shiga ofis ta fita ofis, ta kwana a tebura da yawa. Sai da aka fi shekara kafin a amince.

Ban jira amincewar ba kafin in je gida. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na sami Kawu a zaure shi kaɗai, yana gyara wata tsohuwar fanka ta maƙwabta. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa kamar jiya muka rabu, ya tambayi maigidana da yara. Na ce, "Kawu, na zo ne a kan ranar nan."

Ya ce, "Wace rana?"

Na ce, "Ranar da muka zo Chikaji."

Ya ci gaba da kwance dunƙulen waya. Ya ce, "Kin yi aikinki."

Na ce, "Ban gaishe ka ba."

Ya ɗago ya dube ni, sannan ya mayar da kai kan fanka. Ya ce, "E, ba ki gaishe ni ba." Hawaye suka zubo mini, na ce ya yafe mini. Ya ce ya yafe tun a ranar, amma ba zai ce mini bai ji zafi ba, don ƙarya ba ta da amfani tsakaninmu. Sannan ya ce in riƙe masa bakin wayar nan, hannunsa ɗaya ba ya isa. Na riƙe har ya gama.

Da gyaran ya fito na kawo masa labari da gudu, ina ganin yanzu zai koma. Ya saurara har na gama. Ya ce idonsa na hagu ya fara yin hazo, ba ya ganin ruwa a gilashin tukunya sai ya matsa kusa. Ko an ba shi takarda ba zai karɓi boila ba, don akwai rayukan mutane a ɗakin. Kuma mai diflomar nan yana da iyali, ya kuma iya aikin yanzu. Amma ya lissafa mini wasu tsofaffin abokan aikinsa, ɗaya a hanyar Basawa, biyu a Chikaji, ya ce in tabbata labari ya kai musu.

Na ba da shawarar a sa shi cikin masu yin jarrabawar. Aka amsa mini a rubuce cewa mai jarrabawa dole ya kasance yana da takardar shaida. Saboda haka ni aka ce in tsara tambayoyin. Na ɗauki littafi da biro na tafi Sabon Gari, Asabar huɗu a jere, yana faɗa ina rubutawa.

A Asabar ta farko ya ce, "Rubuta wannan a sama. Ka duba gilashi ba ka ga ruwa ba, wuta kuma tana ci. Me za ka fara yi?" Ya dube ni. "Ke me za ki yi?"

Na ce, ba tare da tunani ba, "In buɗe famfo in ƙara ruwa."

Ya ce, "To kin kashe kowa. Ƙarfe ya yi ja, ki zuba masa ruwan sanyi? Wuta za ki fara kashewa, ki bar ta ta huce. Duk wanda ya ce zai ƙara ruwa, kada a ba shi takarda, ko digiri nawa gare shi." Na san amsar, tana cikin littafin da nake koyarwa da shi. Amma da aka tambaye ni ba zato, abin da ya fito daga bakina ke nan.

Biyu daga cikin abokansa sun zauna jarrabawar sun ci. Na ukun ya riga ya koma ƙauyensu noma kafin gyaran ya fito, bai dawo ba. Masu walda da teloli na bayan masana'antar Oga suna samun wuta har yau, mai ƙanƙara ma ta ƙara firji. Kawu yana Hanwa yanzu a gidan babban ɗansa, an yi masa aikin ido ɗaya, ana jiran na biyun. Ina zuwa duk mako. Takardar tambayoyin kuwa an buga ta, ana amfani da ita, kuma sunana ne a bangonta. Na nemi a sa nasa, aka ce ba a saba sa sunan wanda ba ɗan kwamiti ba. Na gaya masa haka, ya ce ba komai, ya tambaye ni ko an gyara tambaya ta shida da ya ce na rubuta ta a karkace. Na ce an gyara. Da na koma ofis na duba, sai na ga ba a gyara ba, na zauna na sake rubuta wata takardar neman gyara.